Me ya sa mutanen sababbin duniyoyin Mass Effect ba su da yawa?

"Assalamu alaikum Malam. Na gama buga Mass Effect ukun nan duka a Legendary Edition, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Eden Prime da ake ta zuzutawa a matsayin abin alfaharin ɗan Adam, da na buɗe bayaninta sai na ga mutum miliyan 3.7 ne kacal a cikinta. Duniya guda cur! Feros kuwa wai mutum 300. Shin marubutan ne suka yi sakaci da lissafi, ko akwai dalili? Ina tambaya ne don ina rubuta labarin kaina a cikin duniyar gem ɗin, ina so in san adadin da zan ba matsugunin da na ƙirƙira ba tare da masana sun yi mini dariya ba."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe: ko alkaluman da BioWare, kamfanin da ya yi gem ɗin, suka rubuta suna da kan gado, da kuma yadda za ka fitar da naka. Amsar ta farko ita ce suna da shi, har ma in an bi diddigi yawa suka yi, ba kaɗan ba. Abin da ya ruɗe ka shi ne ka auna mutanen da faɗin ƙasar. Faɗin ƙasa ba ya haihuwa. Abin da ake aunawa da shi shi ne shekarun da aka yi ana zuwa, da yawan waɗanda ake iya saukewa a ciyar da su kowace shekara.

Shekarun kaɗan ne ƙwarai

A tarihin gem ɗin, a 2148 aka gano kufan Prothean, wani tsohon jinsin halittu da ya shuɗe, a Mars, a 2149 aka gane cewa Charon, watan Pluto, tashar Mass Relay ce, wato na'urar da ke cilla kumbo zuwa taurari masu nisa nan take, da ƙanƙara ta lulluɓe. A 2152 aka kafa matsugunan farko a wajen tsarin ranarmu: Demeter, Terra Nova da Eden Prime. Yaƙin farko da turian, wani jinsin halittu na wata duniya, ya zo a 2157. Gem na ɗaya kuma yana faruwa ne a 2183, na biyu a 2185, na uku a 2186. Ke nan ranar da Shepard, jarumin gem ɗin, ya sauka a Eden Prime, shekarar matsugunin 31 da kafuwa. Duk wanda aka haifa a can bai wuce shekara 31 ba. Jenkins, sojan nan da jirage marasa matuƙa na geth, jinsin mutum-mutumin ƙarfe, suka harbe a mintunan farko na gem ɗin, a Eden Prime ya tashi, kuma yana cikin zubin farko na 'ya'yan ƙasa. Jikoki kuwa, in ma akwai su, ba su gama firamare ba.

Ka ɗora wannan a kan tarihin gaske. Turawan Ingila sun kafa Jamestown a 1607. Da aka yi ƙidayar farko ta Amurka a 1790, mutum miliyan 3.9 aka samu, bayan shekara 183 ana haihuwa, ana shigowa, ana kuma kawo bayi da ƙarfin tsiya. Eden Prime ta kusa taɓa wannan adadi a kashi ɗaya cikin shida na lokacin. Shi ya sa na ce in akwai zuƙi a alkaluman, ta wajen yawa yake.

Ga sauran yadda gem ɗin ya ba da su, don ka ga tsani. Terra Nova miliyan 4.4. Bekenstein, wadda aka kafa a 2158, wajen miliyan 5.4. Elysium, ta 2160, miliyan 8.3, sai dai kusan rabinsu ba 'yan Adam ba ne. Benning miliyan 2 da ɗoriya. Freedom's Progress wajen dubu 900, Horizon 654,930, Noveria 361,400. Wata da Mars, da suka riga su duka da shekaru masu yawa, miliyan 4.1 da miliyan 3.4. Duniyarmu kuwa biliyan 11.4. Gem ɗin bai taɓa ba da jimillar mazauna waje a dunƙule ba, amma in ka tara waɗanda aka ambata da suna za ka tsaya wajen miliyan 30. Ko ka ninka wannan sau uku saboda ƙananan da ba a ambata ba, bai cika ɗaya cikin ɗari na mutanen doron ƙasa ba.

Haihuwa ba ta isa ba

Akwai ƙa'ida mai sauƙi: raba 70 da yawan ƙaruwar shekara, sai ka sami shekarun da jama'a za su ninka. Ƙaruwar kashi 2 cikin ɗari tana ninka jama'a a shekara 35, ta kashi 3 a wajen shekara 23. Nijar, wadda ke sahun gaba a duniya wajen saurin ƙaruwa, ba ta kai kashi 4 ba, don haka kada ka ba matsuguninka fiye da haka ta hanyar haihuwa kawai. Gaskiya ne masu ƙaura matasa ne, kuma a zamanin gem ɗin mutum yana iya kai shekara 150, don haka mace-mace kaɗan ne. Duk da haka, da kashi 3 a shekara 31 jama'a sau biyu da rabi kawai za su ninka. Kafin Eden Prime ta kai miliyan 3.7 da haihuwa zalla, sai an sauke mutum kusan miliyan ɗaya da rabi a shekarar farko. Babu wanda ya yi wannan a 2152, lokacin da ɗan Adam bai fi shekara uku da fara ratsa Relay ba.

Ashe jigila ce ta cika ta. In ka ɗauka ana kawo adadi ɗaya kowace shekara, waɗanda suka iso kuma suna ƙaruwa da kashi 2, to kowane mutum guda na kason shekara yana zama wajen 42 bayan shekara 31. Raba miliyan 3.7 da 42, sai ka sami kimanin 88,000 a shekara, wato wajen 240 a rana. Adadin ya yi kusa da kujeru 95,000 da Najeriya ta samu a aikin Hajjin 2023. Duk wanda ya san yadda jigilar alhazai ke cin makonni, da filayen jirgi a shirye da masauki a shirye a ɗaya ɓangaren, zai gane girman aikin yin haka shekara 31 a jere zuwa inda ba a tarar da ko rijiya ba.

Kumbon ma ba shi ne babbar matsala ba. Kumbo mai cin mutum 2,000 in yana sauka duk bayan kwana takwas ya wadatar. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙasa. Mutum 88,000, huɗu a gida, gidaje ne wajen 22,000 a shekara, 60 a kowace rana ta Allah, ban da na yaran da suka girma suka yi aure. Kowane gida da ruwansa, da wutarsa, da hanyar da za ta kai shi, da gonar da za ta ciyar da shi. Shi ya sa duk matsugunin da ka shiga a gem ɗin akwatunan ƙarfe iri ɗaya kake gani, farare, an jera su an ɗora wani kan wani, a Horizon har da ciyawa a tsakaninsu da kayan da ba a gama kwancewa ba. Gidaje ne da aka ƙera a masana'anta aka sauke su daga sama, don babu lokacin gini.

Yanzu gwada abin da zuciyarka ke so, a ce Eden Prime miliyan 100 ce. Kason shekara zai koma wajen miliyan 2.4, mutum 6,500 a rana, gidaje 1,600 a rana. Amurka a 1907, shekarar da ƙaura ta fi ƙamari a wancan zamanin, baƙi wajen miliyan 1.3 ta karɓa, kuma ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 80 da jiragen ƙasa da masana'antu a tsaye.

Duniyoyin zama ma ba su da yawa, kuma ana rububinsu

Dalili na biyu siyasa ne. Tun bayan yaƙin da aka yi da rachni, wasu halittu masu kama da ƙwari, Majalisar Citadel, wadda ke jagorantar manyan jinsuna, ta hana buɗe Relay ɗin da ke rufe ba tare da an san inda ya nufa ba. Karya wannan doka cikin rashin sani ne ma ya jawo turian suka buɗe wa 'yan Adam wuta a Relay 314, har suka mamaye Shanxi. Tafiya ba ta Relay ba kuma jan ƙafa ce: kumbo yana cin tafiyar haske ta shekara goma sha biyu ko makamancin haka a rana, kuma dole ya tsaya duk bayan sa'o'i hamsin ko kusa da haka ya sauke cajin da ya taru a injinsa. Don haka duniyar da ba ta kusa da Relay, ko da aljannar duniya ce, kai mutane can asara ce.

Masu kyau na kusa kuwa jinsunan asari da salarian sun riga kowa tun shekaru dubbai. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne bakin iyaka, Attican Traverse da Skyllian Verge, inda jinsin batarian ke ganin gonarsu ce aka shiga. A 2170 masu farautar bayi suka afka wa Mindoir. A 2176 aka kai wa Elysium harin Skyllian Blitz. A 2177 tsutsotsin thresher maw suka share matsugunin Akuze. Magidanci da ke zaune a Vancouver yana jin waɗannan labarai, sai ya yi tunani sau biyu kafin ya kwashi iyalinsa.

Kuma duniya ba duka ake zama ba. Terra Nova hamada ce ta ɗaure ta a tsakiya, mutane suna can wajen ƙuryar arewa da kudu inda iska ke da sauƙi. Noveria ƙanƙara ce, kowa yana cikin gini a rufe. Feros kufan gine-ginen Prothean ne suka cinye yawancin ƙasarta, noma sai dai a saman rufin gine-gine. Mutum 300 ɗin da ka gani ba al'umma ba ce, sansanin kamfanin ExoGeni ne da aka kafa a 2178, kuma ka san abin da kamfanin yake nema a ƙarƙashin Zhu's Hope, matsugunin da ke can, wato halittar nan Thorian. Ko a kimiyyar kare dabbobi, tsohuwar ƙa'idar da ake ambatawa ita ce sai masu haihuwa sun kai 500 kafin a ce zuri'a za ta ɗore ba tare da sabon jini ba. Jiragen Andromeda Initiative, shirin kai masu ƙaura can Andromeda a tafiyar da ba dawowa, mutum 20,000 kowanne ya ɗauka.

Inda alkaluman suka yi tuntuɓe

Ba duka ne suka zauna daidai ba, kuma gara ka san wuraren. Bayanin Terra Nova a gem na ɗaya ya ce ita ce ta fi kowane matsugunin Alliance, wato hukumar 'yan Adam a sararin samaniya, yawan jama'a, da miliyan 4.4. Daga baya sai ga Elysium da 8.3, ga Bekenstein da 5.4. Ta Elysium ana iya ɗinke ta, tunda in ka cire waɗanda ba 'yan Adam ba sai ta dawo wajen miliyan 4. Ta Bekenstein sai dai ka ce ba a lissafa ta cikin na Alliance kai tsaye ba, ko ka yarda cewa marubutan gem na biyu ba su waiwayi abin da aka rubuta a na ɗaya ba.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta platinum. Bayanin ya ce Terra Nova tana tafiya a hankali har aka gano platinum a shekarun 2170, sai jama'a suka ƙaru da kashi 30 cikin ɗari a shekara goma sha biyu. Kashi 30 a shekara goma sha biyu bai fi kashi 2.2 a shekara ba, abin da haihuwa kaɗai za ta iya kawowa. Ma'anarsa kuma tun 2171 akwai mutum miliyan 3.4 a can, wato a shekarun da aka kira na tafiyar hawainiya ana sauke wajen 150,000 a shekara. Lokacin sanyin ya fi lokacin rububin gudu ke nan. Rububin gaske dubi Ostireliya: da aka gano zinare a 1851, Turawan da ke zaune can daga dubu 400 da ɗoriya suka haura miliyan ɗaya a shekara goma. In za ka rubuta rububin ma'adinai, wannan za ka kwaikwaya.

Akwai kuma na Shepard kansa. An haife shi a 2154, kuma in ka zaɓi asalin ɗan matsuguni, a Mindoir aka haife shi, can cikin Traverse, shekara biyu kacal bayan matsugunan farko. Ya yi wuri, amma ana iya haɗiye shi.

Abin da kake gani da ido ba hujja ba ne. Gem na ɗaya a Xbox 360 ya fito a 2007, na'ura mai ƙwaƙwalwar megabayit 512, ba za ta iya zana birni ba. Shi ya sa kullum a gefen gari ake sauke ka. A Eden Prime ɗaga kai ka dubi nesa, za ka hango dogayen hasumiyoyin da aka tara jama'a a ciki don a bar ƙasa ga noma. Can miliyoyin suke, ba wajen da ake tono ba.

Kada kuma ka gwada da gem ɗin Halo. Duniyar Reach ta cikinsa tana da mutum wajen miliyan 700 a 2552, amma tun 2362 ake zama a cikinta, shekara 190. Ka ba Eden Prime ƙarin shekara 160 da ƙaruwar kashi 3, ba tare da an ƙara kawo ko mutum ɗaya ba, za ta haura miliyan 400. A cikin Mass Effect ɗin ma Illium ta asari, da aka kafa tun 1617, wajen miliyan 85 ce, saboda asari ba sa gaggawar haihuwa.

Yadda za ka fitar da naka adadin

Fara da shekarar kafuwa, kada ka fara da adadin. In a wajen tsarin ranarmu ne, ba za ta riga 2152 ba. In a Terminus ne, yankin da ke wajen ikon Citadel, cikin masu gudun ikon Alliance, sa ta a ƙarshen shekarun 2160 zuwa gaba, kamar Horizon da aka kafa a 2168.

Sai ka tambayi kanka wa ke biyan kuɗin kumbon, don shi ke yanke kason shekara. Ga ma'aunin da nake amfani da shi, wanda na ciro daga alkaluman gem ɗin, ba doka ba ce. Sansanin kamfani ko na bincike, ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai gaba ɗaya, kuma ba ya girma don ma'aikata ne masu kwantiragi. Matsuguni mai zaman kansa, 10,000 zuwa 30,000 a shekara. Horizon da kanta in ka juya lissafin wajen 31,000 take bayarwa, kuma tana cikin manya. Wanda Alliance ta ɗaure wa gindi kusa da Relay, 80,000 zuwa 150,000. Fiye da haka sai mahaɗar kasuwanci irin Elysium, inda wasu jinsunan ma ke zuwa da kumbonsu.

Misali, ka kafa naka a 2170, labarin yana 2185. Zubin farko mutum 5,000, sannan 12,000 kowace shekara, ƙaruwar haihuwa kashi 2.5. A shekara 15 zubin farko ya zama wajen 7,200. Kason shekara kuma ana ninka shi da wajen 18, ya ba da 215,000. Jimilla kimanin 222,000. In ba ka son dabarar lissafi, buɗe Excel, layi goma sha biyar: adadin bara sau 1.025, a tara da 12,000, ka ja shi ƙasa.

Daga nan ka gwada ko ƙasar za ta ɗauke su. A ce kowa yana cin hatsi kilo 200 a shekara, tan 44,000 ke nan. In hekta tana ba da tan 4, kana bukatar hekta 11,000 a nome. Ruwa lita 100 ga kowa a rana, lita miliyan 22. Gidaje sababbi 3,000 a shekara. In duniyar da ka zana ƙanƙara ce ko iskarta guba ce, waɗannan ba za su samu da arha ba, sai ka rage adadin sau goma, ko ka kawo dalilin da ya sa wani ke zuba kuɗi, kamar yadda kamfanoni ke yi a Noveria don gudun dokokin Citadel.

Kura-kuran da aka fi yi guda uku ne, kuma duk daga manta shekaru suke tasowa. Ana rubuta tsoho mai furfura yana cewa nan kakansa ya sari daji, alhali garin bai kai shekara ashirin ba. Tsohonka a doron ƙasa aka haife shi, da harshen garinsu da kewar garinsu. Ana cika gari da tsofaffi, alhali irin wannan wuri yara ne ko'ina, makaranta ta fi asibiti cunkoso. Ana kuma ba matsuguni rundunar da ta fi ƙarfinsa. Tsarin Alliance shi ne ta ajiye 'yan sojoji kaɗan a ƙasa, aikinsu su kai rahoto su ja lokaci, manyan jiragen yaƙi kuma suna jibge a mahaɗar Relay kamar Arcturus, tashar da ita kanta mutum 45,000 ne a cikinta. Gari mai mutum dubu 200 ba shi da abin tare hari na gaske, shi ya sa Collectors, halittun da ke sace mutane a gem na biyu, suka kwashe Freedom's Progress kaf ba a ji ko ƙarar bindiga ba, suka tafi da kusan sulusin Horizon, sama da mutum dubu 200, duk da Shepard ya iso.

In labarinka ya kai 2186, ka tuna lissafin yana juyewa. Reapers, manyan injunan da suka kawo mamaya a gem na uku, inda jama'a suka fi yawa suka fara nufa, doron ƙasa da Palaven ta turian, daga baya Thessia ta asari, don haka ƙananan wurare na bayan gari su ne 'yan gudun hijira ke kwarara cikinsu. Garinka mai dubu 222 yana iya wayar gari da ƙarin dubu 50 a wata biyu, hektocin gonarsa kuwa suna nan 11,000, kuma kumbon da ke kawo kayan gyaran injin tace ruwa ya daina zuwa.